Kafin Ka Tsaya Gaban Kyamara da Ludayi

Assalamu alaikum, Auta.

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa motar da ka shiga a tashar Utako ta sauke ka Legas lafiya, ba tare da ko ciwon kai ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Na sa takardar nan ƙarƙashin robar yaji, don na san nan hannunka zai fara zuwa idan ka buɗe jaka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Wata tambaya ce ka yi mini ban amsa ba. Ranar da aka kira ka aka ce mutumin nan mai shirin girki a talabijin ya ɗauke ka aiki a gidan abincinsa, har ma wataƙila ka riƙa fitowa a shirin nasa, ka zo ka zauna kusa da ni ka ce, "Umma, ke da kika taɓa wannan harkar, me kika gani?" Na ce Allah ya sanya alheri, na tashi na shiga ɗaki. Na ga fuskarka ta canza. Ba rashin murna ba ne. Amsar ce take da tsawo, ni kuma idan na ɗauko magana da baki sai in tsallake abin da ya fi muhimmanci in tsaya a kan gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kai a Abuja aka haife ka, ka buɗe ido ka ga tituna da fitilu, ba ka san yadda muka same ta ba. Lokacin da gwamnati ta tattara daga Legas ta dawo nan, ma'aikatar Babanku na cikin waɗanda aka fara kwasowa. Yawancin abokan aikinsa can suka baro iyalansu, wasu saboda makarantar yara, wasu kuma don ba su yarda garin zai zaunu ba. Ni na ce ƙafata ƙafarsa. Aka ba mu ɗan gida a Garki, bayanmu daji, gabanmu jar ƙasa da motocin gini. Idan an tashi daga ofis sai ka ga manyan mutane da kwat da jaka suna layi wajen mai shayi, burodi da safe, burodi da yamma. Babanku ya fara zuwa da mutum ɗaya cin abinci, gobe biyu, har ta kai tabarmar falo ba ta isa. Cikinsu akwai Mista Basi, mutumin Kalaba, wanda a gidanmu ya fara cin tuwo, ya kuma koyi Hausarsa a bakin kwano. Da aikin ya fi ƙarfina sai maƙwabciyarmu Asabe ta shigo tana taya ni, Anti Asabenku da ka sani. Ni ina kan tuwo da waina, ita tana kan miya. Har yau ban ga wanda ya fi ta hannun miyar taushe ba.

A cikin masu cin abincin akwai Malam Iliya, ma'aikacin gidan talabijin. Wata rana ya wanke hannu ya ce, "Hajiya, muna son fara shirin girki da Hausa, mun rasa wadda za ta tsaya. Ko za ki gwada?" Na yi dariya na ce ni da ko a biki ba na iya magana a lasifika. Babanku ya ce in je in gani. Na je.

Shirin farko aka ce in yi waina. Kai ka san waina ba a yi mata gaggawa: a jiƙa shinkafa, a niƙa, a haɗa ƙullu, a bar shi ya kwana ya tashi. Shirin kuwa rabin awa ne, har da talla a ciki. Sai na je da ƙullu kashi biyu, ɗaya in haɗa a gaban kyamara, ɗaya kuma wanda ya kwana a gida. Malam Iliya ya ce, "Da kin gama haɗawa ki rufe, mu sai mu yanke. Idan muka dawo ki buɗe wancan ki fara suya."

Na ce, "To, sai in gaya musu wannan kwana ya yi."

Ya ce, "A'a, kada ki tsorata su. Matan ofis ne masu kallo. Suka ji kwana, kashe talabijin za su yi. Ki ce a bar shi ya ɗan huta."

Na ga shi ne ya san aikinsa, ni baƙuwa ce, sai na faɗi yadda ya ce. Wainar ta fito fara tas, gefenta ja, kowa a situdiyo ya tafa.

Bayan wasu makonni ina kasuwar Wuse wajen masu tumatir, sai wata mata ta riƙe mini hannu ta ce, "Ba kai ne madam mai waina ba?" Hausarta irin ta bariki ce, ba ita ce harshen uwarta ba. Na ce ni ce. Ta ce Bahaushe take aure a Nyanya, uwar mijinta ta zo daga Katsina karon farko, ita kuma ta so ta nuna mata ta iya abincinsu. Ta zauna ta kalli shirina da kyau, ta yi duk abin da na yi. Ta haɗa ƙullu, ta bar shi ya huta gwargwadon ta share tsakar gida, ta ɗora tanda. Wainar ta manne, cikinta ɗanye, nauyi kamar dutse. Tsohuwar ta gutsura sau ɗaya ta ajiye, ta ce a dama mata koko.

"Da maman miji ya zage ni ma ya fi mini," in ji ta. "Madam, ina ne na yi kuskure? Na duba, na duba, ban gani ba."

Auta, matar nan ba faɗa ta zo yi mini ba. Makonni ta yi tana ɗaukar laifin nata ne, tana ganin hannunta ne ba shi da kyau. Na ja ta gefe na bayyana mata komai tun daga jiƙo har suya, na ce ba ita ta yi kuskure ba, maganata ce ba ta cika ba. A shiri na gaba alkubus na yi, da na zo wajen rufewa na dubi kyamara na ce, "Wannan da zan buɗe, tun da safe na haɗa shi a gida. Wadda ba ta da lokaci ta bari sai ranar hutu." Na hango Malam Iliya yana ɗaga mini hannu ta bayan mai ɗaukar hoto, na ci gaba da maganata. Bai yanke wajen ba, bai kuma sake tayar da zancen ba.

To ka riƙe wannan. Kyamara tana yanke lokaci, kuma lokaci shi ne rabin girki. Ba za ka hana su yankewa ba, aikinsu ke nan. Amma abin da suka yanke, kai ka mayar da shi da bakinka. Idan nama ya yi awanni a wuta, ka ce ya yi awanni. Idan sai da ka ɓata sau da yawa kafin ka iya, ka faɗa. A bayan gilashin nan akwai wata mata da baƙi a falonta, ta yarda da kai.

Abu na biyu ya fi wannan wuyar ganewa, don a hankali ya shige ni. Akwai saurayin da ke gabatar da shirin, mai murya mai daɗi. Duk ƙarshen shiri sai ya ɗauki cokali ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya girgiza kai ya ce bai taɓa cin irin wannan ba. Sau da yawa abincin ya huce tun tuni saboda an yi ta gyara fitila. Wata rana na manta ban sa gishiri a faten doya ba, sai da ya kai cokali baki na tuna. Ya lumshe ido kamar kullum, ya faɗi abin da ya saba faɗa. Da aka kashe kyamara ya nemi ruwa. Ya kamata tun ranar in gane cewa yabon gaban kyamara ba labarin tukunyata yake ba ni ba. Amma mutum idan ana yaba masa kowane mako, sai kunnensa ya saba, ya fara jin haƙƙinsa ne.

Sannan ga maganar launi. Masu shirin suka ce miyar kuka ba ta kyau a hoto, kuɓewa ma haka, daddawa kuwa kada ma a nuno ta. Abin da kyamara ke so shi ne ja da kore da sheƙin mai. Sai na koma ƙara manja a kan komai, ina yanka tattasai da koren wake ina watsawa a saman abincin da bai nemi su ba. Masu ɗaukar nauyin shirin dunƙulen ɗanɗano suke sayarwa, sai ya zama kowace tukunya sai na ɓare da yawa na jefa ana gani. Ban ankara ba hannuna ya saba, har a gida. Wata rana na kawo wa Babanku tuwo, ya buɗe kwanon miya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ta talabijin ce ko ta gida?" Na ce wace irin tambaya ce wannan. Ya ce, "A'a, don in san yadda zan ci ne. Ta talabijin da ido ake cin ta." Ya ci kaɗan ya rufe. Ni kuma na yi kwanaki ina jin haushinsa kafin na ɗanɗana miyar da bakin da ba ya neman yabo, na ji mai ne da dunƙule kawai.

Ba na ce kada abinci ya yi kyau a ido ba. Ka iya jera faranti, na gani, kuma abin sha'awa ne. Amma ka sami mutum ɗaya ko biyu waɗanda ba sa cin albashi a hannunka, ba sa kuma tsoron ɓata maka rai, ka riƙa ba su suna ɗanɗanawa. Idan suka ci kaɗan suka rufe kwano, kada ka ji haushi kamar yadda na ji. Ka koma kan tukunya.

Kada ka ɗauka daga abin da na faɗa cewa ina ganin shirye-shiryen girki aikin banza ne. Ko kaɗan. A shirin nan na haɗu da wata baƙuwa daga kudu da ta nuna mini yadda ake sa ganye a miya ya dahu bai mutu ba, har yau da hanyarta nake yin zogale. A nan na koyi auna abu maimakon in ce "daidai misali", wanda ba ya koya wa kowa komai. Kuma akwai wani mutum da ya tare ni a kasuwar Utako, shekaru bayan an daina shirin, dattijo da furfura a gemu. Ya gaishe ni har da russunawa, ya ce direba ne, mutumin Uke. Matarsa ta rasu ta bar masa yara ƙanana, shi kuma ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba, yana jin kunyar ya tambayi matan unguwa. Sai ya riƙa zuwa gidan wani maƙwabcinsa mai talabijin yana zama kamar hira ta kawo shi, alhali ni yake kallo. Ya ce, "Hajiya, da fatenki na raini yarana. Babbar yanzu tana koyarwa." Na ce Allah ya ji ƙan mamaciya. A lokacinmu namiji ya tsaya gaban murhu abin magana ne. Shirye-shiryen nan sun taimaka wajen cire wannan kunyar, kuma da ba don haka ba, da kai ma ba ka fito fili ka ce girki kake so ka yi sana'a ba.

Sai maganar gidan abinci, wadda ita ta fi shafarka yanzu. Ka san mun taɓa buɗe shi, kana goye a lokacin, amma ba ka san yadda ya tafi ba.

Da sunana ya ɗan fita, mutane suka yi ta cewa in buɗe wuri. Muka kama shago a Utako ni da Asabe, lokacin unguwar ba ta cika ba. Mai rubuta allo ya ce a sa hotona da sunana tunda ni aka sani. Na dubi Asabe, ta ce ai gaskiyarsa, a sa. Watannin farko wurin ya cika maƙil. Amma na lura yawancin masu zuwa ba yunwa ta kawo su ba, ni suka zo gani. Wannan ya ce in zo mu gaisa da matarsa, wancan ya ce in tsaya a ɗauke mu hoto. Sai na koma zama a gaba da mayafi mai kyau, ina tarbar baƙi, kicin kuma na bar wa Asabe da masu taya ta. Da safe in leƙa in ɗanɗana, daga baya ɗanɗanawar ma ta zama sai jefi-jefi. Duk abin da na taɓa dafawa a talabijin sai wani ya zo ya nema, ni kuma ba na son in ce babu, har abincin da muke yi ya yi yawan da hannu biyu ba za su iya kula da shi ba. Abin da ya kamata a yi da safe a cinye da rana sai ya kwana a firji.

Mutanenmu na farko, waɗanda suka ci a tabarmar Garki, suka fara ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Na haɗu da Mista Basi a wani ɗaurin aure na ce ya guje mu. Ya yi dariya ya ce, "Madam, hoto naka yana da kyau a waje. Amma tuwo na ciki ba shi ne na Garki ba." Na ɗauka wasa ne irin nasa.

Abin da ya raba mu da Asabe ƙaramin abu ne a ido. Wata Asabar da rana wasu manyan mata suka zo, suka ci miyar taushe, suka ce a kira ni. Asabe ta fito daga kicin a daidai lokacin, da gumi a goshi, ta kawo ƙarin miyar da hannunta. Ɗaya daga cikinsu ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, Allah ya yi wa hannun nan albarka, ban taɓa shan taushe irin wannan ba." Na ce na gode, na yi murmushi irin na kyamara. Asabe ta ajiye kwanon ta koma ciki. Rabona da taɓa tukunyar taushe a wurin tun buɗewa.

Da yamma bayan an watse ta wanke hannu ta zauna a kan benci ta kira ni da sunan yayarka ta ce, "Maman Hadiza, ƙarshen wata zan tsaya."

Na ce, "Aikin ne ya yi yawa? Sai mu ƙara mutum."

Ta ce, "Wuta ba ta gajiyar da ni ba. Tun Garki nake gabanta. Amma a Garki idan an ce miya ta yi daɗi, kina cewa ga mai ita nan."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake maimaitawa ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma ta riga ta yanke. Ta koma Masaka ta kafa rumfarta a bakin hanya, ba allo ba hoto, kuma ka ga yadda masu motocin Keffi ke tsayawa a wurinta har gobe. Namu wurin bai daɗe ba bayan tafiyarta. Ba wani abin tashin hankali da ya faru, kujeru ne suka riƙa zama babu kowa, har muka mayar da makulli. Zumuncinmu ya dawo, ita ta yi mini wankan jegon ƙanwarka da ta rasu, amma ba mu sake ɗora tukunya ɗaya don sana'a ba.

Ina gaya maka wannan ne saboda a inda za ka, kai ne za ka fara zama a matsayin Asabe. Za ka tsaya gaban wuta tun safe, farantin ya fita da sunan ogan naka, a tafa masa. Kada wannan ya cinye maka zuciya. Shi ma ya sha wahalarsa kafin a san shi, kuma sunansa ne ke cika kujerun da za a biya ka da su. Ka je ka koya, ka buɗe ido, ka rage baki. Amma ka lura da abu ɗaya a watannin farko: shin yana shigowa kicin ya ɗanɗana, ko sai ranar da masu kyamara suka zo? Shin ya san sunayen masu yi masa aiki? Idan yana yi, ka zauna ka daɗe, ka sami malami. Idan ba ya yi, ka koyi abin da za ka koya cikin mutunci, ka yi sallama ta alheri, ka nemi gaba. Ranar da kuma Allah ya sa kai ne a allo, aka riƙe hannunka ana yabon miyar da wani ya dafa, ka juya ka nuna shi.

Ka sha tambayata ra'ayina a kan irin waɗannan gidajen abinci na masu suna. Ka tuna ranar da ka kai ni wani a Maitama da albashinka na farko? Aka kawo mini tuwo kamar ƙwan kaza a tsakiyar faranti mai faɗin tire, an ɗiga miyar kuka a gefe kamar ana tsoron ta ƙare. Na yi dariya har ka ji kunya, ka ce in yi a hankali ana kallonmu. Abin da ban gaya maka ba shi ne, da na kai baki na ji miyar ta yi. Daddawa ce ta gaske, an kuma ba ta lokacinta, da man shanu daidai. Kukar da aka hana ni nunawa, ga ta an sa a farantin alfarma mutane suna ɗaukar ta hoto. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Abin da bai yi mini ba, na tashi da yunwa, kuma da na tambayi yarinyar da ke kawo abinci ko mai wurin yana nan, ta ce ita tun da ta fara aiki a waya kawai take ganinsa. To wani ne a ciki ya dafa miyar nan, kuma na so a ce na san ko wane ne in gode masa. Ra'ayina ke nan: ba na ƙin su, amma idan na ci abinci ina so in ƙoshi, kuma ina so mai sunan ya san abin da ke cikin tukunyarsa a ranar.

Shirye-shiryen yanzu da ake gasa, ina kallonsu tare da ku. Akwai gwaninta a ciki, yaran suna da hannu. Amma ba na son yadda alƙalai ke tsayar da mutum su yi ta yi masa tsawa har ya yi kuka, a kuma matso da kyamara kan hawayen. Ba na son yadda ake ture faranti cike a zubar don kawai bai yi kyau ba. Idan aka sa ka a irin wannan, aka ce ka yi wa na ƙasa da kai ihu don shirin ya yi armashi, ka gyara masa kuskurensa da muryar da kake magana da ni. Idan kai aka yi wa ihun, ka tsinci abin da ke da amfani a ciki ka bar sauran a wurin. Abincin da ya rage kuma ka nemi hanyar da zai kai ga mai ci, akwai masu gadi, akwai masu shara, akwai mutane a bakin titi.

Tun ranar farko ka gaya wa ogan naka abin da ba ka ci, ba ka kuma ɗanɗanawa, da lokutan sallarka. Ka faɗa da ladabi, sau ɗaya, a fili. Abin da aka faɗa ranar farko ana ɗaukarsa tsari ne, wanda aka ɓoye sai daga baya ana ɗaukarsa rigima. Kuma ka ci abinci a zaune. Masu dafa wa mutane su suka fi kowa cin abinci a tsaye, ɗan wannan ɗan wancan, har ciki ya lalace. Ka sayi takalmi mai taushi, ƙafa ce ke fara gazawa kafin hannu.

Babanku bai ce maka komai ba da kuka yi sallama ɗazu kafin ka kwanta, sai "Allah ya kiyaye hanya", na kuma ga kamar abin ya tsaya maka. Kada ka sa a ranka. Shekaranjiya kana wajen ɗinki ya kira mai gyaran talabijin, ya sa shi ya hau rufi cikin rana ya juya farantin kamo tashoshi. Na ji yana tambayarsa wace lamba ce tashar da ake nuna shirin ogan naka, ya sa aka mayar da ita ta farko. Mutumin da in ba labarai ba ba ya kallon komai. Da mai gyaran ya tafi na ce, "Alhaji, ai ba a ce tabbas za a nuno shi ba." Ya ce, "Ko hannunsa aka nuno yana yanka albasa, zan gane."

Allah ya yi maka albarka, Auta. Ya tsare ka daga wuƙa da wuta da mugun abokin aiki, ya sa abin da za ka dafa ya zama lafiya ga duk wanda ya ci. Ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Idan ka sauka ka kira Babanku kafin ka kira ni.

Mahaifiyarka,
Umma